Sawun Bulus Ko Cin Bulus?



Akwai wani irin talla da ya daɗe yana yawo a wayoyinmu, daga wannan zaure na WhatsApp zuwa wancan. Farin jirgin ruwa ne, tsayinsa ya fi bene goma, yana tsaye a kan shuɗin ruwa, a bayansa ga tsibiri mai fararen gidaje. Sai a jero sunaye: Batmusa, Afisa, Karita, Rodusa, wani lokaci har da Malita. A ƙasa a rubuta cewa tafiya ce cikin sawun Manzo Bulus, kuma kuɗi ɗaya za ka biya, komai yana ciki. Ci, sha, ɗakin kwana, mai gyara maka gado, motar da za ta kai ka kufan tsoffin birane ta dawo da kai, har da mai yi maka bayani.

Ba jirgin ne ya fi kama mu ba, sunayen ne. Tun muna makarantar Lahadi muke jin su. Mun bi su da yatsa a taswirar da ke bayan Littafi Mai Tsarki, mun haddace su don gasar tambayoyi. Yawancinmu a nan Kabo da Gwarzo babban ruwan da muka taɓa gani shi ne dam ɗin Guzuguzu ko na Magaga, wanda ya yi nisa ya ga na Challawa a Karaye. Teku kuwa sai wanda ya je ci-rani Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000. To, ka ce wa irin wannan matashi akwai jirgin da zai kai shi tsibirin da Yohanna ya ga ru'ya, dole zuciyarsa ta motsa. Wannan marmari ba laifi ba ne, kuma ba za mu yi wa kowa dariya a kansa ba.

Ba mu ce shiga wannan jirgi zunubi ne ba. Abin da muke cewa shi ne a kira shi da sunansa. Hutu ne na masu hali, mai daɗi, mai tsada. Ranar da muka fara kiransa ibada, ko muka mai da shi shaidar cewa Allah ya sa wa mutum albarka, ranar ce zai fara cin kuɗin ikilisiya da hankalin matasanta.

Bari mu fara da yadda tafiyar take. Yawancin jiragen da ke zaga tsibiran Girka suna tashi ne daga tashar Firayus, kusa da birnin Atina, su yi kwana uku, ko huɗu, ko mako guda. Jirgin na tafiya da dare kana barci, gari ya waye kana wata tasha. A gajeren zagayen, ana iya sauke ka da safe a gaɓar Turkiyya a kai ka Afisa a mota, ka dawo ka ci abincin rana a jirgi, da yamma kana Batmusa. Birnin da Bulus ya yi shekara uku yana koyarwa a cikinsa, da tsibirin da aka kai Yohanna zaman ɗauri, duka biyu a yini ɗaya, tsakanin karin kumallo da abincin dare. Sauran tashoshin kuma, kamar Mikonos da Santorini, waɗanda hotunansu suka fi ƙawata tallan, ka duba littafin Ayyukan Manzanni daga farko har ƙarshe ba za ka same su ba.

Akwai abin gani, wannan gaskiya ne. A Afisa har yau babban dandalin nan na dutse yana nan, mai cin mutum kusan 25,000, inda maƙeran azurfa suka tara jama'a suka yi ta ihu kusan awa biyu don Bulus ya taɓa musu sana'ar gumaka. Wanda ya tsaya a wurin zai karanta Ayyukan Manzanni 19 da wani ido dabam. Zai kuma ga wani abin mamaki: Afisa da take babbar tashar jiragen ruwa, yau babu ruwa a bakinta, laka ta cike tashar, teku ya ja baya da kilomitoci. A Batmusa akwai kogon da Kiristocin wurin suka gāda cewa a nan Yohanna ya zauna, da gidan masu zuhudu da aka kafa a kan tudu tun 1088. Gani ya kori ji, ba mu musa ba. Mai koyar da Littafi Mai Tsarki da ya samu zuwa zai ƙaru.

Amma mu mutanen Kano mun san cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne. Duwatsun Afisa ba su ne suka sa Afisa ta shiga Littafi Mai Tsarki ba. Mutane ne. Dattawan nan ne da suka yi tattaki har Militas don su yi ban kwana da Bulus, suka durƙusa tare a yi addu'a, suka rungume shi suna kuka suka raka shi bakin jirgi. Irin wannan ba a samun sa cikin awa huɗu. Bulus ya zauna da su yana aiki da hannunsa don ya ci da kansa da abokan tafiyarsa, ya shiga gida-gida, ya san wanda ke ciwo da wanda ke rigima da ɗan'uwansa.

Yanzu mu zo kan kalmar da ta fi daɗi a tallan, wato komai yana ciki. Me mutum yake saya da wannan kalma? Yana sayen tafiyar da ba zai buƙaci kowa ba. Ba zai tambayi hanya ba, ba zai roƙi ruwa ba, ba zai yi ciniki da yaren da bai iya ba, ba zai ci abincin da bai sani ba, ba zai kwana a gidan kowa ba. Zai shiga ƙasa biyu ko uku ya fita bai zama baƙon kowa ba. Ga wanda ya gaji yana neman hutu, wannan shi ne daɗin abin. Ga wanda ya ce sawun Bulus yake bi, a nan ne sawun ya ɓace masa.

Ku buɗe Ayyukan Manzanni 27 da 28 ku karanta a natse, domin a duk Sabon Alkawari babu tafiyar ruwa da aka ba da labarinta dalla-dalla kamar wannan. Bulus ɗaurarre ne, a hannun wani jarumin Roma mai suna Yuliyas. Jirgin da aka sa su a Mira na dakon alkama ne, daga Iskandariya ta Masar zai kai Italiya, kamar dai a ce tirelar hatsi ce ta ɗauki fasinja a saman buhuna. Su 276 ne a ciki. A tsibirin Karita Bulus ya ba da shawara a dakata, don lokacin tafiyar ruwa ya wuce, amma jarumin ya fi jin maganar matuƙi da mai jirgi. Suna fita iska ta kwashe su. Suka ɗaɗɗaure cikin jirgin da igiyoyi don kada ya tarwatse, suka zubar da kaya, a rana ta uku suka zubar har da kayan aikin jirgin da hannuwansu. Kwana da kwanaki babu rana babu tauraro, a zamanin da taurari ne kaɗai ke nuna wa matuƙi hanya. Iska ta kora su fiye da kilomita 800.

A dare na 14 matuƙan suka ji alamar ƙasa. Suka gwada zurfi, gaba 20, can kuma gaba 15, suka saki anka huɗu. Sai suka shirya su sulale a ƙaramin kwalekwale su bar fasinja. Ɗaurarren ne ya gane, ya faɗa wa sojoji, aka yanke igiyar kwalekwalen. (Wannan hali bai mutu da zamanin Roma ba. Ranar 13 ga Janairu 2012 jirgin alfarma Costa Concordia ya bugi dutse a bakin tsibirin Jiliyo na Italiya da mutum sama da 4,000 a ciki. Mutum 32 suka rasu, kyaftin ɗin ya bar jirgin tun akwai mutane a ciki, kotu ta ɗaure shi shekara 16.) Abincin da aka ci a jirgin Bulus da asubar nan gurasa ce, bayan mako biyu ba wanda ya ci abin kirki. Da suka ci, suka zubar da sauran alkamar a teku. Da gari ya waye jirgin ya kafe ya fara farfashewa. Masu iya iyo suka faɗa ruwa, sauran suka kama katakai. Ba wanda ya mutu.

Haka Bulus ya shiga Malita: a jiƙe, cikin sanyi da ruwan sama, ba jaka ba guzuri. Mutanen tsibirin ba su san shi ba, ba su jin bishara ba tukuna, amma suka hura wuta suka karɓi mutum 276. Ku yi tunanin ƙauyenku a ce mutum 276 sun sauka muku da safe hannu rabbana. Shi kuma manzon bai zauna ana yi masa hidima ba, ya tashi ya shiga ɗebo itace, har maciji ya maƙale masa a hannu. Shugaban tsibirin, Fubiliyas, ya sauke su kwana uku. Mahaifinsa na kwance da zazzaɓi da atini, Bulus ya shiga ya yi masa addu'a ya warke, sauran marasa lafiya suka biyo. Wata uku suka yi a wurin, da za su tafi mutanen suka haɗa musu guzuri.

Bishara ta shiga Malita ne ta hannun mutumin da ya zo yana buƙatar wuta da abinci. Da ya zo da komai nasa a ciki, da babu dalilin da zai kai shi ɗakin tsohon nan mai atini. Har yau mutanen Malita suna hutun ƙasa ranar 10 ga Fabrairu don tunawa da fashewar jirgin nan, kuma ga wani abin da zai yi muku daɗi: harshensu ɗan'uwan Larabci ne, a majami'unsu da sunan Alla suke kiran Mahalicci, kusan yadda muke kira.

Sai kuma abin da ba ya ciki, ko da yake an ce komai yana ciki.

Na farko dai kuɗin da za a kashe kafin a ga jirgin. Fasfo, tikitin jirgin sama zuwa Atina, da bizar Turai, wadda kuɗin nemanta kaɗai ya koma yuro 90 tun Yunin 2024, kuma in an hana ka ba a mayar maka. Mu ƙaddara duka tafiyar ta tsaya wa mutum a dala 3,000, wanda a jiragen alfarma na gaske ba ta kai ko'ina ba. Dala ta haura naira 1,500 a 2024. Wato naira miliyan huɗu da rabi. A wannan shekarar gwamnatin Kano ta sa mafi ƙarancin albashi a naira 71,000. Ma'aikacin da ke karɓar wannan sai ya yi fiye da shekara biyar bai ci ba bai sha ba kafin ya tara kuɗin mako guda a kan ruwa. Ku da kanku ku auna da buhun taki, ko kuɗin makarantar ƙannenku, ko abin da mai bisharar ƙauyenku yake karɓa a wata.

Akwai kuma mutanen da ke ƙasan jirgin. Jirgin Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600, da ma'aikata sama da 2,300. Gari guda ke nan. Mai wanke kwano, mai wanki, mai gyaran ɗaki, yawancinsu daga ƙasashe irin su Filifin da Indonesiya da Indiya suke. Sukan yi wata shida zuwa tara a kan ruwa, suna aiki kwana bakwai a mako, ba Asabar ba Lahadi. Dokar ƙwadago ta teku ta 2006 abin da ta wajabta shi ne a ba su hutun awa 10 a cikin 24, wato ana iya sa mutum aikin awa 14. Ba mu ce bauta ce ba, da yawansu da wannan aiki suke gina gida su sa 'ya'ya a makaranta. 'Yan ci-rani ne kamar yayyenmu da ke Legas da Fatakwal. Abin da muke so mu lura da shi kawai, in da ɗan Kabo zai shiga irin wannan jirgi yau, ya fi kusa ya shiga ta ƙofar masu wanke kwano. Mai rera waƙar yabo a bene na goma ya tuna cewa wadda ta gyara masa gado wataƙila 'yar'uwa ce cikin Almasihu da ta yi wata shida ba ta je sujada ba.

Su ma masu tsibiran sun fara gajiya. Batmusa duka mazaunanta ba su wuce kusan 3,000 ba, jirgi ɗaya zai iya sauke musu baƙi kusan yawansu a yammaci guda, baƙin da suka riga suka ci suka ƙoshi a jirgi, za su kuma koma su kwana a can. Birnin Benis na Italiya ya hana manyan jirage ratsa tsakiyarsa tun Agustan 2021. Girka ta sa wa fasinjan jiragen nan haraji a 2025, yuro 20 ga duk wanda zai sauka Santorini ko Mikonos a lokacin cunkoso. An ce baƙo raɓa ne, amma raɓa ma tana jiƙa ƙasa kafin ta tafi.

Abin da ya fi damun mu kuwa ba kuɗin ba ne. Ruwan ne.

Wannan teku da ke cikin tallan, Bahar Rum, Bahaushe ya daɗe da saninsa. A 1855 wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu ya ƙetare shi. Ɗan ƙasar Kance ne, kusa da Damagaram. An kama shi yana ƙarami aka sayar da shi bawa, wani Bature ya 'yanta shi a Kukawa, ya bi matafiyin nan Heinrich Barth har Tambutu, sannan suka ratsa Sahara zuwa Tarabulus, suka shiga jirgi suka bi ta Malita suka sauka Faransa, suka wuce Ingila. A can aka yi masa baftisma, ya zauna da Rabaran Schön yana taimaka masa da Hausa a lokacin da ake fara juya sassan Littafi Mai Tsarki zuwa harshenmu. Labarin tafiyarsa da bakinsa yana cikin littafin Magana Hausa na 1885. Ya dawo gida, ya ƙare rayuwarsa a Nasarawa ta Kano a 1912. Shi ma ta Malita ya bi, shi ma ba da kuɗinsa ba, kuma mun ci amfanin tafiyarsa.

Hanyar da Dorugu ya bi har yanzu ana bin ta, amma ku ji yadda take ƙarewa. A Oktoban 2013 aka tsinci gawa 92 a hamadar Nijar kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Mafi yawansu 'yan ƙasar Kance ne, garinsu Dorugu. A watan nan dai, ranar 3 ga wata, wani jirgi ya nutse a bakin tsibirin Lamfedusa da ke kudu da Italiya, sama da mutum 360 suka mutu. A Nuwamban 2017 aka binne 'yan mata da mata 26 'yan Najeriya a garin Salerno, an tsamo gawarsu daga wannan ruwa. Hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya fiye da mutum 30,000 da suka mutu ko suka ɓace a Bahar Rum tun 2014. An sha samun jirgin shaƙatawa ya tsaya ya tsamo mutane daga kwalekwalen roba, don dokar teku ta wajabta wa kowane kyaftin haka. Ruwa ɗaya, jirage iri biyu. Idan ka tambaye mu wanne ne ya fi kama da na Bulus, ba sai mun faɗa ba.

Me ya haɗa wannan da talla a waya? Ido ne. Matashi ya gama sakandare ko kwaleji, ba aiki, gonar gado ta yi kaɗan, yana kallon hoton wani ɗan'uwa a bakin jirgi da farar riga, an rubuta a ƙasa cewa Allah ya yi. Kowa na buga amin. Abin da yake koya shi ne albarka tana can ƙetaren ruwa, kuma wanda Allah yake ƙauna shi ne wanda ya kai. Ba shi da dala 3,000, ba za a ba shi biza ba, amma akwai wanda zai gaya masa cewa ta Agadas ba a tambayar biza. Ba mu ce hoto ɗaya ne ke tura mutum Libiya ba. Talauci ne da rashin aiki. Amma ikilisiya ita ce wurin da bai kamata a ƙara wa wannan wuta itace ba.

Mun san abin da wasu za su ce: hassada ce, ko kuwa muna so mu mai da talauci tsarki. A'a. Talauci ba tsarki ba ne, mun san shi ciki da waje, ba mu yi wa kowa fatansa. Bulus da kansa ya ce ya san zama cikin rashi ya kuma san zama cikin yalwa. Lidiya mai sayar da tufafi masu tsada ce ta sauke shi a Filibi. Ɗan'uwan da Allah ya buɗa masa, ya yi kasuwancinsa na halal, ya biya ma'aikatansa, ya fid da zakkarsa, iyalinsa ba sa kuka, in ya ɗauki matarsa suka je suka huta a kan ruwa, Allah ya kai su lafiya ya dawo da su lafiya. Ya zo mana da hotunan Afisa mu yi nazarin Littafi da su. Roƙonmu ɗaya, kada ya hau bagade ya ba da shi a matsayin shaida, kamar wanda ya dawo daga filin bishara.

Inda za mu tsaya mu ce a'a shi ne inda kuɗin ba na mutum ba ne. Baikon da tsohuwa ta kawo daga kuɗin ƙuli-ƙuli, da hatsin godiya da manomi ya auna a kaka, ba na tikitin jirgin alfarma ba ne, ko wa za a aika, ko da sunan girmama bawan Allah ne. In ana so a girmama fasto, a fara da biyansa haƙƙinsa a kan kari da kuɗin makarantar 'ya'yansa. Haka nan adashi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma a ci shi don iri da taki ko keken ɗinki, kada a ci shi don hoto.

Sai kujerar gwamnati. Tun 2007 akwai hukumar tarayya mai kula da ziyarar ibada ta Kiristoci, tana kai mutane Isra'ila da Jodan, wani lokaci har Roma da Girka, kuma gwamnatoci da 'yan siyasa sukan biya wa wasu. Ba mu raina wanda ya je da zuciya ɗaya ba. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, Almasihu bai ɗora mana ziyarar wani wuri a matsayin farilla ba. Ya gaya wa matar nan Basamariya a bakin rijiya cewa sujada ba ta rataya ga wannan dutse ko wancan birni ba. Haruffa biyun nan na JP da ake liƙawa a bayan suna ba su ƙara wa kowa ko taƙi ɗaya a gaban Allah. Kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shugaban da ya karɓi kujera kyauta a hannun ɗan siyasa, ranar da za a je neman filin majami'a, ko malamin darasin addinin Kirista a makarantar gwamnati, ko haƙƙin wata yarinya tamu, bakinsa zai yi nauyi. A nan ne bin sawun Bulus yake komawa cin bulus.

In jirgin ruwa ne ya dame mu, akwai na kusa. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, ya taso daga Badau da lodin da ya fi ƙarfinsa. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da za su taron Mauludi. 'Ya'yan maƙwabtanmu ne. A jirgin alfarma kowane fasinja yana da rigar ruwa, kuma kafin a tashi sai an nuna masa inda zai tsaya in wani abu ya faru. Wannan ɓangare na komai yana ciki shi ne muke so mu gani a bakin kowane dam na jihar nan, kuma magana ce da matasan Kirista da na Musulmi za su iya kai wa ƙaramar hukuma tare. Kuɗin kujera ɗaya a wancan jirgi zai sayi rigunan ruwa masu yawa.

Marmarin tafiya kuwa kada mu kashe shi, tafiya mabuɗin ilimi ce. Akwai sawun da za mu iya bi da kuɗin mota. A Nasarawa cikin Kano, Gidan Ɗan Hausa yana nan, inda aka fara makarantar da Dorugu ya yi aiki a ƙarshen rayuwarsa. A Wusasa ta Zariya akwai majami'ar Bartalamawas mai tsarki, ginin ƙasa irin namu tun 1929, a yankin da Likita Mila ya yi aiki, wanda shi da abokan aikinsa Hausawa suka yi fama da fassarar da ta ba mu cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932. Akwai kuma ƙauyukanmu na Karaye da Rogo da Gwarzo, inda tsofaffin da suka fara karɓar bishara suke nan da ransu, wasu an kore su daga gida a kanta, ba wanda ya taɓa zama ya rubuta labarinsu, kuma kowace shekara muna binne wasu.

Shawararmu ga shugabannin zumunta ita ce a sa wannan cikin tsarin bayan kaka, lokacin da hanya ta bushe kuma akwai hatsi a rumbu. A je ƙungiya-ƙungiya, mutum biyar ko shida, kada a yi wa masu gida yawa. Kada a kama ɗaki, a sauka a gidajen 'yan'uwa, a ci abin da suka ci, a taya su sussuka da ɗebo ruwa, a kwana biyu ko uku. Kowa ya riƙe tabarmarsa da 'yar tiyar gero ko wake ta masu gida. Mai waya mai kyau ya cika ta da caji don ɗaukar muryar tsofaffi, a kuma nemi izininsu kafin a ɗauka.